Na-Gaba da Kan Surukinsa

Ranar da ya buɗe shagon aski, kan farko da Allah ya kawo masa na wani saurayi ne mai kai saƙo a babur, irin samarin nan da ba su ajiye komai a duniya ba sai suma. Saurayin ya cire hular kwano, ya shafa sumar nan kamar mai lallashin jariri, ya zauna ya ce, "Maigida, gefe kawai za ka ɗan rage mini. Saman nan kada ka taɓa, na daɗe ina renonsa."

"An gama," in ji mai aski.

Ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna kilifa. Saurayi ya sunkuyar da kai yana latsa waya. To shi mai askin, kunnensa ya ji "gefe kawai", amma hannunsa bai ji ba. Hannun nan ya yi shekaru yana aiki a gidan yari, inda aski iri ɗaya ne tak, daga ɓarawon kaza har mai laifin kisa: tal-kwabo. Sai kawai ya ɗora kilifa a goshi ya ja ta har ƙeya, ya buɗe titi a tsakiyar kai. Ya sake ja, ya sake ja. Kafin saurayi ya gama karanta saƙon da ke gabansa, suma ta koma ƙasa gaba ɗaya. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ina! Mai aski ya fizge ƙyalle, ya kakkaɓe, ya ɗauke ƙeyar bawan Allah da mari tas, ya ɗaga murya:

"Na gaba!"

Babu kowa a benci. Mai Faci ne kawai, maƙwabcin shagonsa, tsaye a bakin ƙofa da taya a hannu, baki buɗe.

Saurayi ya ɗago ya dubi madubi. Sai da ya fara waigawa baya, yana zaton wani ne ya shigo. Da ya gane nasa kan ne ke ƙyalli, ya ƙwalla ihun da ya fito da duk layin shagunan waje: mai gyaran waya, mai wanki da guga, har mai kemis da ba ya leƙowa ko gobara ake. Mai aski ya tsaya da kilifa tana ta kuka a hannunsa, yana cewa, "Yi haƙuri, za ta fito, wallahi za ta fito." Saurayi ya tsugunna ya damƙi sumarsa daga ƙasa, ya dube ta kamar gawar ɗan'uwa, ya kifa hular kwano, ya buga babur. Mun jima muna ganinsa yana wucewa, ko shago zai shiga ba ya cire hular.

Tun daga ranar sunansa na gaskiya ya ɓace a layinmu. Kowa Na-Gaba.

Kafin ya zama Na-Gaba, direban tasi ne, mai zuciya a kusa. Wata rana rigima kan fasinja ta haɗa shi da wani direba a tasha, ƙarfen jak na hannunsa, ya ɗaga ya sauke. Mutumin bai mutu ba, amma hannunsa bai sake riƙe sitiyari ba. Alƙali ya yanke, aka wuce da shi. Ya bar 'yarsa tana rarrafe, ya fito ya tarar da ita da jakar makaranta a baya da giɓi a baki. A yi masa adalci, bai taɓa cewa sharri aka yi masa ba. In an taɓo maganar sai ya ce, "Ni na yi, ni na zauna," ya ja bakinsa.

A can ciki aka damƙa masa aski. Layi tun daga bakin ɗaki har bakin famfo, gandiroba na tsaye da sanda yana cewa a yi sauri. Kilifa ɗaya ce, tsohuwa, sai ranar da aka ga wuta. In babu, reza da mataji. Babu mai tambayarka wane iri kake so. Marin ƙeya kuwa ba faɗa ba ne, shi ne "na gama, tashi".

Da ya fito, yayarsa ce ta tsaya masa. Ta samo masa wani siririn shago tsakanin Mai Faci da mai gyaran waya, ta kawo kujerar ofis da aka ɗaure hannunta ɗaya da waya, da madubi mai tsaga a kusurwa, da benci, da sabuwar kilifa. Ɗakin kwanansa na bayan layin. Abu na farko da ya saya ya sa a ciki ƙaramar katifa ce ta 'yarsa. Ko ledarta bai cire ba, ya jingine ta da bango.

Ita kuwa matarsa, igiyar aure na nan, ba ta nemi saki ba duk tsawon zaman. Tana gidan mahaifinta da yarinyar, tana aiki a wani shagon ɗinki. Matsalar mahaifin ne. Tsohon mai gadin ma'aikata ne, ya ƙare rayuwarsa yana leƙa jakunkunan mutane a bakin get, har yau bai yarda akwai jakar da babu komai a ciki ba. Yana da sanda, da gemu, da farar suma cike da kai da yake ji da ita kamar saurayi.

Na-Gaba ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Tsoho ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Na ji an ce ka koyi aski."

"Na koya, Baba."

"To aski ba tuƙi ba ne, yaro. Mutum ne zai zauna, ya ba ka baya, ya miƙa maka wuya kana riƙe da ƙarfe. Ranar da na ga mutane na ba ka kansu, ni ma zan ba ka 'yata da jikata."

"Yaushe ke nan, Baba?"

"Za mu gani."

Shi ke nan, mutuminmu ya dawo shago ya zauna jiran kawuna. Amma labarin saurayin babur ya riga shi zaga unguwa. Wanda bai ji labarin askin ba ya ji na ƙarfen jak, wanda ya ji duka biyun kuwa sai ya tsallaka titi. Yara in sun taso daga makaranta su leƙo su ce "Na gaba!" su ruga. Uwa ta zo da ɗanta har bakin ƙofa, wata ta raɗa mata a kunne, ta juya kamar ta manta tukunya a wuta.

Masu shigowa iri biyu ne. Akwai tsofaffi masu sanƙo, waɗanda ko ya so ya yi musu ɓarna babu abin ɓatawa. Wani cikinsu gashin kansa in ka tsaya za ka iya ba kowane sili suna. Akwai kuma masu zuwa jin labari. Su zauna a benci su miƙe ƙafa: "Wai da gaske ne a tsaye ake kwana a can? Wai ka taɓa aske wanda za a rataye?" In ya ce, "Aski za a yi?" sai su shafa kai su ce jiya-jiyan nan aka yi musu.

Wata rana wani magidanci baƙo, bai san komai ba, ya shigo gyaran gemu. Na-Gaba ya ji kamar ya goya shi. Ya shafa masa kumfa har kunne, ya kwantar da kansa, ya ɗauko aska. Daidai nan Mai Faci ya leƙo, da bakinsa da ba ya shiru, ya ce, "A hankali dai, mutumina, wannan ba fursuna ba ne, da iyalinsa."

Baƙo ya buɗe ido ɗaya. "Fursuna kamar yaya?"

Ba a gama yi masa bayani ba ya tuna ya bar motarsa a buɗe. Ya fita da kumfa a fuska da ƙyalle a wuya. Ƙyallen ma sai da aka bi shi aka karɓo.

"Kai wane irin maƙwabci ne?" in ji Na-Gaba, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wasa nake, wallahi wasa nake."

"Wasanka ya ci mini kai guda. To zauna in yi maka, ka biya ni."

Mai Faci ya dafe hularsa da hannu biyu. "Ni kaina ɗaya ne, kuma taya ce kawai ake yi wa faci."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, ya san da gaskiyar mutane a wani wajen: bai iya askin zamani ba. Ya je wurin wani mai aski a babban titi, mai madubai har rufi, ya roƙa a bar shi ya riƙa kallo. Aka ce ya kalla, amma kada ya taɓa komai. Ya lura duk sa'ad da ya matsa kusa, sai maigidan ya ɗauke wayarsa daga kan tebur ya sa a aljihu. Ya haɗiye, ya ci gaba da zuwa, yana kallon yadda ake maƙala ɗan matajin roba a bakin kilifa a bi gefe a hankali. Ya dawo yana gwaji. Ya aske burushin takalmi. Ya aske tabarmar goge ƙafa ta mai kemis, da izini. Da ya rasa abin askewa ya kafa madubi gaba da baya ya gwada a kansa, ya fito kamar gonar da awaki suka shiga, ya yi ta yawo da hula cikin zafi. Ƙarshe ya ɗauko salatif ya naɗe matajin robar nan a bakin kilifa, don kada hannunsa ya sake yin gaban kansa.

Matarsa takan biyo ta layin in ta taso aiki, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga. Wani lokaci da yarinyar. Yarinya ta laɓe bayan uwarta tana leƙensa da giɓinta.

"Gaishe shi mana," in ji uwar.

"Sannu, mai aski."

Ya yi dariya a gabansu. Bayan sun tafi ya zauna a kujerar da babu kowa, ya daɗe yana kallon tsagar madubi.

"Baba ya ce zai zo da kansa," ta gaya masa wata rana. "Ba zai faɗi ranar ba. Ka san shi."

Ya zo kuwa, da hantsi, yana dogara sanda. Bai tarar da kowa a kujera ba, wani mai sanƙo ya tashi ke nan. To ga wata ɗabi'a da Na-Gaba ya fito da ita daga can: gashi ba ya minti a ƙasa. A gidan yari in gandiroba ya ga sili ɗaya a siminti, ranar ka shiga uku. Saboda haka kafin wanda aka yi wa aski ya kai ƙofa, ya share, ya kwashe, ya goge da tsumma. Shagonsa ya fi ɗakin tiyata tsabta.

Tsoho bai dubi kujera ba, bai dubi madubi ba. Ƙasa ya duba. Ya sa bakin sanda ya ja a siminti, ya leƙa ƙarƙashin benci, ya leƙa bayan ƙofa.

"Shagon aski ne nan ko masallaci?"

"Na share ne, Baba. Yanzun nan wani ya tashi."

"Uhm. Ni duk shagon askin da na sani, gashi kake takawa tun daga bakin ƙofa. Kai naka ko na magani babu."

"Wallahi, Baba, suna zuwa kaɗan-kaɗan."

"Za mu gani."

Ya tafi. Na-Gaba ya ɗauki tsintsiya ya dube ta kamar ita ta kai shi ƙara, ya wurga ta bayan ƙofa. Shekaru ana zaginsa in bai share ba, yau shara ta hana shi iyalinsa.

Mai Faci ya ji komai ta bango, don bangon nan ko tari ba ya ɓoyewa. Tun maganar baƙon kumfa yake neman hanyar wanke kansa. Ya ce, "Gashi yake so ya gani? Bar mini wannan."

"Kada ka yi mini komai. Na roƙe ka."

"Ni dai na ce ka bar mini."

Bayan 'yan kwanaki, Na-Gaba ya zaga ɗebo ruwa a famfon bayan layi. Mai Faci ya hango farar suma da sanda daga nesa. Da ma ya tanadi wata baƙar leda da ya tsinto a kwandon sharar babban titi, inda shagunan gyaran gashi suke jere. Bai tsaya ya buɗe ya duba ba. Ya faɗa shagon ya zazzage ta, ya baza da ƙafa ko'ina, ya koma gindin tayarsa yana fito kamar ba shi ba.

Na-Gaba da surukinsa suka iso ƙofa tare, ɗaya da bokiti, ɗaya da sanda. Gashi kam ga shi nan har idon sawu. Sai dai ledar ba daga shagon maza ta fito ba. Gashin kanti ne na mata, wanda aka tsefe aka zubar, dogo-dogo, wani ja, wani ruwan zuma, wani da ɗan kwalliyar roba a jela.

Tsoho ya sa sanda ya ɗago wata kitsattsiyar jela da ta kai tsawon hannu, tana lilo.

"Wannan na wane namiji ne?"

Na-Gaba ya dubi gashin, ya dubi bangon Mai Faci.

"Ɗayan biyu ce, yaro. Ko dai ƙarya ka shirya mini, ko kuwa mata ke shigo maka nan. Zaɓi wadda zan kai wa 'yata."

"Baba, ba ni na zuba ba."

"Can ma haka kowa ke cewa, ko?"

Wannan ta shige shi. Shi da bai taɓa musun laifinsa ba. Ya ajiye bokiti a hankali. Tsoho ya yar da jelar ya juya, wannan karon ko "za mu gani" bai samu ba.

Mai Faci ya leƙo da fuskar tausayi. "Mutumina, a leda duk gashi ɗaya ne..."

Na-Gaba ya juyo. Ga ƙarfen cire taya a ƙasa tsakaninsu. Duk wanda ke layin ya ga idonsa ya sauka a kan ƙarfen. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tsallake shi, ya shiga shago, ya ɗauko tsintsiyar nan daga bayan ƙofa ya hau shara. Yana shara yana magana shi kaɗai: "In share, laifi. In bari, laifi. Wanda na karya wa hannu ma na je ya yafe mini. Ku me na karya muku?"

Da yamma matarsa ta zo, wannan karon har ciki. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ina matar da ta bar maka jan gashin?"

"Ke ma?"

"Ni na san aikin wancan mai bakin ne," ta nuna bango da haɓa, ta ɗaga murya don bangon ya ji. "Allah ya sa tayar da ya liƙa ta sace a gaban mai ita." Ta juyo. "Amma na gaji. Ina ɗinka wa mutane labulen ɗakunansu, ni ina kwana a ɗakin da na yi 'yammatanci. Yarinya na tambayata me ya sa mai aski ke kallonta haka."

"To ya zan yi? In kamo mutane a titi in ɗaure a kujera?"

Ta dubi kujerar. "Mutane Baba ya ce su ba ka kansu, ko? To ai shi ma mutum ne, kuma da kansa."

Abin da ta gaya wa mahaifinta a gida babu wanda ya ji. An dai ce ta daina dafa masa shayinsa yadda yake so, kuma ta ce in yana tsoro ne ya faɗa, ba abin kunya ba ne ga mai shekaru. Tsohon mai gadi a ce masa matsoraci? Bayan kwana kaɗan sai ga shi da rana tsaka, sanda a dama, jikarsa a hagu da kayan makaranta. Bai yi sallama da kowa ba. Ya jingine sanda, ya zauna a kujera, ya cire hula.

"Gefe kawai," ya ce. "Saman nan in ka taɓa, ka taɓa aurenka."

Kafin a ɗaura ƙyalle, bakin shago ya cika. Mai gyaran waya ya bar waya a buɗe, mai guga ya bar dutse a kan rigar mutane, mai kemis ya fito. Har saurayin babur ya ci birki, sumarsa ta dawo, ya tsaya ya ga yadda za a yi wa wani. Yarinya ta hau benci tana lilo da ƙafa.

Na-Gaba ya duba salatif ɗin bakin kilifa, ya ƙara danna shi, ya yi bismilla. Ya fara daga gefen dama, a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai, yana ji hannun na ja zuwa goshi yana dawo da shi. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Farin gashi na sauka a kan ƙyalle. Gefen dama ya fito tsaf.

Ya zagayo hagu ke nan, kilifa ta yi ƙiii ta mutu. An ɗauke wuta.

Bakin ƙofa ya ɗauki "Kash!" Mai Faci ya toshe baki da hannu. Tsoho ya dubi madubi: rabin kai ango, rabin kai daji.

"Kunna janareta."

"Ba ni da shi, Baba."

"Yaushe za su kawo?"

Na-Gaba ya ji "za mu gani" ta zo masa har bakin leɓe, ya danne ta. Ya ce, "Sai dai reza da mataji, Baba. Da su na fi sabawa."

Tsoho ya dubi ƙofa. In ya tashi, haka zai ratsa mutanen nan da rabin kai, jikarsa na biye. Ya dubi rezar da aka ɓare sabuwa daga takarda, tana walƙiya.

"Kaka, tsoro kake ji?" in ji yarinya daga benci.

"Wa? Ni?" Ya gyara zama. "Yi abin da za ka yi."

Na-Gaba ya kwantar da reza a bayan mataji. Nan fa hannun ya dawo gida. Babu kukan inji, sai ɗan sautin shap, shap, shap. Ya bi gefen hagu ya daidaita shi da dama, ya zagaye kunne, ya fitar da layin ƙeya. Sannan ya shafa kumfa, ya sa yatsa biyu ya ɗaga haɓar surukinsa sama. Wuyan tsoho ya miƙe a fili, jijiya na bugawa. Babu mai tari a bakin ƙofa. Tsoho ya rufe ido, ya damƙe hannun kujera har wayar da aka ɗaure shi da ita ta yi ƙara. Reza ta bi maƙogwaro ta hau, ta sake bi ta hau. Ko ɗigon jini.

Ya goge masa fuska, ya fizge ƙyalle, ya kakkaɓe. Sai hannun dama ya tashi sama da kansa, ya nufi ƙeya. Jama'a suka ja numfashi. Hannu ya tsaya a iska. Na-Gaba ya dube shi, ya sauko da shi a hankali ya sosa nasa kunnen.

Tsoho ya juya kai dama, ya juya hagu, ya shafa wuya ya duba tafinsa. Ya nemi abin kushewa har bayan kunne bai samu ba.

"Ba laifi," ya ce. "Amma kai ɗaya ba mutane ba ne. Za mu gani."

Na-Gaba ya naɗe rezar a takardarta, ya jefa a gwangwani, ya ja da baya, ya sa hannuwansa a baya inda kowa ke gani. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Baba, ka yi mini haƙuri. Alƙalin da ya ɗaure ni, ranar da zan shiga ya gaya mini ranar da zan fita. Na zauna na cika. Kai ka ɗaure ni ba ka faɗi rana ba. In rai da rai ne, gaya mini a gaban mutanen nan, in je in mayar da katifar yarinya inda na sayo ta, ko ledarta ban cire ba."

Wani a baya ya ce, "Gaskiya ne." Wani ya ce masa ya yi shiru. Yarinya ta daina lilo.

"Wace katifa?" ta ce.

"Taki," in ji shi.

"Sabuwa?"

"Fil."

Ta juya ga kakanta. Tsoho ya ɗauki hula, ya dube ta, ya dubi askin a madubi, ya fasa sawa ya cusa ta a aljihu. Ya miƙe ya ɗauki sanda.

"Asabar," ya ce, yana kallon bango. "Ka zo da mota, kayan uwarta da yawa. Kuma ka bar gashin nan a ƙasa, a ga alamar an yi aiki."

Ya ratsa jama'a kai a buɗe. Yarinya ta bi shi, ta kai ƙofa ta waiwayo ta nuna giɓinta. Na-Gaba ya tsaya yana kallon farin gashin da ke siminti, ƙafarsa na son zuwa wajen tsintsiya yana hana ta.

Mai Faci kuwa ba zai iya ba. Ya turo kai ta ƙofa yana washe baki. "Mutumina, aiki ya yi kyau, amma bai cika ba. Ka manta marin ƙeya."

Na-Gaba ya kakkaɓe ƙyalle, ya juya kujera ta fuskanci ƙofa, ya ɓare sabuwar reza.

"Ban manta ba, ajiye maka shi na yi. Duk layin nan kai ka fi kowa baki, kuma kai kaɗai ba ka taɓa cire hula a nan ba. Ku riƙe mini shi. Na gaba!"